Bakteriyar Ƙasa da Magungunan da Take Haɗawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ƙamshin nan da kan tashi daga ƙasa ranar da aka yi ruwan farko, bayan dogon rani. Yawancin mutane sun ɗauka ƙamshin na ruwan ne, wasu kuwa su ce na turɓaya ne. Haƙiƙa ba ko ɗaya daga cikinsu. Ƙamshin na wani sinadari ne da ake kira jiyosmin, wanda wasu masana biyu, Nancy Gerber da Hubert Lechevalier, suka tace shi suka ba shi suna a Jami'ar Rutgers ta Amurka a shekarar 1965. Hancin ɗan Adam yana jin sa ko da 'yar mitsitsi ce ta gauraya da ruwa mai yawan gaske, kuma shi ne ke sa naman tarwaɗa wani lokaci ya yi ɗanɗanon taɓo. Masu yin wannan sinadari a cikin ƙasa kuwa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, jinsin bakteriya da ake kira Streptomyces.

Ba don ƙamshi kaɗai masana suka damu da wannan bakteriya ba. Kusan kashi biyu cikin uku na magungunan kashe ƙwayoyin cuta, wato antibayotik, waɗanda aka samo daga halittu masu rai kuma ake aiki da su a asibiti, daga ita da danginta suka fito. Kafso mai launi biyu da ake sayarwa a kemis, da garin da masu kiwon kaji ke zubawa cikin ruwan sha, da ƙwayar da mai tarin fuka ke haɗiya kowace safiya, in aka bi salsalarsu, a ƙasa za a tsaya.

Halittar da ta yi kama da funfuna

An saba koya wa ɗalibai cewa bakteriya halitta ce mai ƙwayar rai guda, wadda kan rabe gida biyu in za ta hayayyafa. Streptomyces ba haka take ba. Rayuwarta takan fara ne daga wani ɗan iri wanda zai iya kwanciya cikin busasshiyar ƙasa tsawon lokaci ba ci ba sha. Da zarar ya sami laima sai ya tsiro, ya fitar da wasu siraran zaruruwa masu rassa, su ratsa cikin ƙasa kamar saiwar ciyawa. Wannan siffa ce ta sa masanan farko suka daɗe suna ɗaukar ta a matsayin funfuna. Abincinta shi ne abin da sauran halittu suka kasa ci: busasshen kara, ruɓaɓɓen ganye, ɓawon matattun ƙwari. Takan zubo wasu sinadarai masu narkarwa a kan abincin, ya narke a waje, sannan ta tsotse. Saboda haka tana cikin manyan ma'aikatan da ke mayar da taki da shara su koma ƙasar noma.

To amma ba ita kaɗai ba ce a wurin. A cikin giram ɗaya na ƙasar gona mai kyau, wato abin da bai cika ƙaramin cokali ba, ana iya samun bakteriya har biliyan guda, ban da funfuna da sauran ƙananan halittu, kowa kuma na neman abin da zai ci. Da yawa daga cikinsu sun fi Streptomyces saurin hayayyafa nesa ba kusa ba, wasu ma suna iya yin iyo su bar wurin da abinci ya ƙare. Ita kuwa a dashe take kamar itace, ba ta da inda za ta.

Lokacin da abinci ya fara ƙarewa ne abin mamaki ke faruwa. Sai ta shiga fitar da wasu sababbin zaruruwa da ke miƙewa sama zuwa cikin iska, waɗanda daga baya za su rarrabu su zama jerin iri kamar tsakiyar carbi. Wannan gini yana bukatar abinci, ga shi kuwa babu. Sai ta narkar da wani sashe na tsofaffin zaruruwanta na ƙasa, ta ciyar da sababbin da su. A taƙaice, uwa ce ke ba da jikinta don 'ya'ya su rayu. Matsalar ita ce, wannan narkakken abinci zai jawo maƙwabta mayunwata. Daidai wannan lokaci ne, ba kafinsa ba, take fara zubo antibayotik a kewayenta. Ta shinge rumbunta da guba ke nan har iri ya nuna.

A jinsin Streptomyces griseus, an gano cewa zaruruwan kan saki wani ɗan sinadari na isar da saƙo, wanda ke taruwa sannu a hankali. Sai ya kai wani adadi ne ƙwayoyin gadon da ke haɗa magani za su farka baki ɗaya. Hikimar a fili take: guba kaɗan ba ta korar kowa, asara ce kawai, gara a jira sai an yi yawa a zubo ta tare. Ya kamata a ambata cewa akwai masana, irin su marigayi Julian Davies, da ke ganin cewa a cikin ƙasa yawan sinadaran nan bai cika kai na kisa ba, don haka wataƙila wani amfaninsu shi ne isar da saƙo tsakanin halittun. Bisa dukkan alamu suna yin aikin biyu ne, gwargwadon yawansu.

Shi kansa ƙamshin yana da nasa aiki. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa jiyosmin yana jawo wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke zaune cikin ƙasa. Sukan ci bakteriyar, gubar ba ta kashe su, sannan su kwashi irin a jikinsu da cikin kashinsu su kai shi wani wuri, kamar yadda tsuntsu ke yi da 'ya'yan ɓaure.

Malami da ɗalibinsa

Tun da daɗewa masana ke tambayar kansu: shekaru aru-aru ana binne waɗanda annoba ta kashe, mutane da dabbobi, me ya hana ƙasa ta cika maƙil da ƙwayoyin cututtukan nan? Amsar ita ce yawancinsu ba sa daɗewa a cikinta, mazauna wurin sukan gama da su. Wanda ya fara cin moriyar wannan tunani shi ne René Dubos, Bafaranshe mai aiki a Cibiyar Rockefeller ta birnin New York. A 1939 ya samo wani sinadari daga bakteriyar ƙasa mai suna Bacillus brevis, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta sosai. Sai dai yana fasa jajayen ƙwayoyin jini, don haka bai yi amfani ba sai a shafa a kan miki.

Dubos tsohon ɗalibin Selman Waksman ne, masanin halittun ƙasa a Rutgers, wanda aka haifa a Yukren a 1888, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1910. Waksman ya shafe fiye da shekara 20 yana nazarin dangin Streptomyces don amfanin noma kawai. Nasarar ɗalibinsa ce ta juya hankalinsa zuwa ga magani. Hanyar da ya tsara mai sauƙi ce, amma tana cin rai. A ɗebo ƙasa, a dama da ruwa, a tsarma sosai, a shafa a kan abincin bakteriya da aka daskarar cikin farantin gilashi. Bayan 'yan kwanaki halittu iri-iri za su tsiro. Sai a duba ko akwai wadda ta share fili a kewayenta, babu abin da ya iya tsirowa kusa da ita. Wannan fili shi ne shaidar cewa tana zubo wani abu. Ta haka suka sami magunguna biyu a 1940 da 1942, dukansu kuma suka zama masu illa ga jikin dabba fiye da kima.

A wancan lokaci fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928 daga funfuna (ba daga bakteriya ba), ya fara ceton sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma ba ya taɓa ƙwayar tarin fuka ko kaɗan. Mai wannan cuta ba shi da wani magani illa hutu, da abinci mai kyau, da iska. A 1943 wani ɗalibi ɗan shekara 23, Albert Schatz, ya karɓi aikin neman abin da zai kashe ta. Saboda haɗarin cutar, a wani ɗaki na ƙarƙashin ginin aka ajiye shi yana aikin. A ranar 19 ga Oktoba, 1943, ya tabbatar da cewa ya sami abin da yake nema daga Streptomyces griseus. Kala biyu ya samu, ɗaya daga ƙasar gonar da ta sha taki, ɗaya kuwa daga maƙogwaron kaza. Aka sa wa maganin suna sitireftomaisin.

William Feldman da Corwin Hinshaw na asibitin Mayo suka gwada shi a kan ɓerayen Masar masu tarin fuka, suka ga sun warke, sannan a ƙarshen 1944 aka fara ba mutane. A Ingila kuma aka yi wani gwaji wanda har yau ake koyar da shi ga ɗaliban likitanci, domin yana cikin na farko da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 107 ne, 55 aka ba su maganin, 52 aka bar su da hutu kaɗai. Sakamakon da aka buga a 1948 ya nuna cewa cikin wata shida, kashi 7 cikin 100 na waɗanda suka sami maganin ne suka rasu, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 27 ne.

Labarin bai ƙare da daɗi ba tsakanin malami da ɗalibi. Hausawa na cewa da abokin daka akan sha gari, amma suna da kuɗin da maganin ya kawo sun bi ta wajen Waksman ne. A 1950 Schatz ya kai ƙara kotu, aka sasanta, aka amince cewa tare suka gano maganin, aka kuma ba shi wani kaso na kuɗin. Duk da haka, da aka tashi ba da kyautar Nobel a 1952, Waksman kaɗai aka ba. Gaskiyar magana ita ce malamin ne ya shimfiɗa hanyar, ɗalibin ne kuma ya bi ta har ya isa, kuma hana shi rabonsa na yabo bai dace ba. Sai a 1994 jami'ar ta karrama Schatz da lambarta mafi girma.

Bayan sitireftomaisin sai kamfanonin magani suka bazama neman ƙasa daga kowace kusurwa ta duniya, suna roƙon matafiya da matuƙan jirgi da 'yan mishan su aiko musu da ita cikin 'yan ƙunshi. Daga ƙasar wata gona kusa da Karakas ta Benezuwela aka sami kuloramfenikol a 1947. Shi ne ya fara karya lagon zazzaɓin taifot, kuma allurarsa mai mai ce aka yi ta yi wa dubban mutane a arewacin Nijeriya lokacin babbar annobar sanƙarau ta 1996. Benjamin Duggar, wani dattijon masanin tsirrai da ya riga ya yi ritaya, ya sami na farkon dangin tetirasaikilin daga ƙasar gonar gwaji ta Jami'ar Missouri. Eritiromaisin daga Filifin ya fito, bankomaisin daga dajin Borniyo. Daga ƙasar wani kurmi a kudancin Faransa kuma masana a Italiya suka sami sinadarin da aka gyara ya zama rifamfisin, wanda yau shi ne ginshiƙin maganin tarin fuka na wata shida, mai mayar da fitsari ja har marar lafiya ya tsorata in ba a gaya masa tun farko ba. Akwai kuma ibamektin, wanda ba bakteriya yake kashewa ba, tsutsa ce. Satoshi Omura ya samo bakteriyar da ke yin tushensa daga ƙasar Japan, kuma tun 1987 ake raba shi kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da makantar da baƙin ƙudan bakin kogi ke jawowa. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Jamhuriyar Nijar ta kawar da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka.

Garkuwa tare da makami aka ƙera ta

A nan ɗalibi mai lura zai yi tambaya: in Streptomyces bakteriya ce, kuma tana haɗa gubar kashe bakteriya a cikin jikinta, me ya hana ta kashe kanta?

Sai an fara sanin yadda gubar ke aiki. A cikin kowace ƙwayar rai akwai wasu ƙananan injuna da ake kira ribozom, masu karanta umarnin ƙwayoyin gado suna harhaɗa furotin. Sitireftomaisin yakan maƙale ne a jikin ribozom na bakteriya, ya sa shi karanta umarnin ba daidai ba. Sai furotin ya riƙa fitowa a gurguje, bangon ƙwayar ya fara yoyo, ta mutu. Ribozom na ɗan Adam ya sha bamban da na bakteriya, shi ya sa maganin ke kashe cutar ya bar mai ita, ko da yake yakan taɓa jijiyar kunne har ya jawo jiri ko kurumta in aka daɗe ana yin sa.

Ita Streptomyces griseus ribozom ɗinta irin na sauran bakteriya ne. Dabararta ita ce, tana da wani sinadari da ke liƙa wa gubar wani ɗan gutsuren fosfet, wanda ke hana ta aiki, kamar wuƙa a cikin kube. A haka take fitar da ita waje, sai can wani sinadarin dabam ya cire kuben. In kuma wata ta komo ciki, a sake rufe ta. Sauran danginta suna da nasu dabarun: wata takan sauya siffar ribozom ɗinta yadda gubar ba za ta sami wurin kamawa ba, wata kuma tana da wani abu kamar famfo a bangonta da ke tura gubar waje da zarar ta shigo. Abin lura shi ne, ƙwayoyin gadon kariya galibi a jere suke da na haɗa gubar, wuri guda. Maƙwabtan da aka daɗe ana zuba wa gubar su ma sun samo nasu hanyoyin tsira.

Ma'anar wannan ita ce, bijire wa magani ba a asibiti aka fara shi ba. A 2006 Gerard Wright da abokan aikinsa a Jami'ar McMaster ta Kanada suka ɗebo bakteriyar ƙasa kala 480, suka gwada su da magunguna 21. Kowace ɗaya ta bijire wa bakwai ko takwas a matsakaici, har da magungunan da ɗan Adam ya ƙirƙira da hannunsa. A 2011 kuma suka haƙo ƙasar da ta shekara 30,000 a daskare cikin ƙanƙara a yankin Yukon, suka tarar da ƙwayoyin gadon kariya daga fenisilin da tetirasaikilin da bankomaisin a ciki.

Da a ce kariyar za ta tsaya cikin ƙasa, da babu damuwa. Amma bakteriya tana da wata baiwa da manyan halittu ba su da ita: tana iya miƙa wa wata bakteriyar, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, gutsuren ƙwayoyin gado, kamar yadda maƙwabta ke aron tsani. Ban da haka, a cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta da ke jikin marar lafiya, ba a rasa 'yan ƙalilan da wani ɗan sauyi na gado ya sa magani ba ya kama su. Maganin zai kashe sauran ya bar musu fili. An ga haka tun a gwajin Ingila na 1948, inda cikin 'yan watanni ƙwayar tarin fukan da yawa daga marasa lafiyar ta daina jin sitireftomaisin. Daga nan ne likitoci suka koyi haɗa magani biyu, uku, har huɗu a lokaci guda, domin ƙwayar da ta kuɓuce wa ɗaya da wuya ta kuɓuce wa sauran.

Duk inda aka zuba antibayotik ba bisa ƙa'ida ba, wannan zaɓe ake gudanarwa. Wanda ya sayi kafso biyu don mura, wadda ma ba bakteriya ce ke kawo ta ba, da mai tarin fuka da ya ji sauƙi a wata na biyu ya bar zuwa karɓar magani, da mai gidan kaji da ke zuba tetirasaikilin a ruwa kullum ba don ciwo ba, sannan a kwashe kashin kajin a kai gonar kayan miya, duk aiki ɗaya suke yi wa ƙwayoyin cuta. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina asara.

Komawa ga ƙasa

Daga shekarun 1970 hanyar Waksman ta fara gajiya. Duk ƙasar da aka ɗebo, tsofaffin magunguna ake ta sake samu. An ƙiyasta cewa cikin kowace ɗari ta dangin Streptomyces da aka ɗebo akwai guda mai yin sitireftomaisin, amma mai yin daftomaisin, wanda aka amince da shi a 2003, sai an tace kimanin miliyan goma. Kamfanoni da dama suka ga abin ba riba, suka watsar.

Abubuwa biyu ne suka nuna cewa an yi gaggawar fid da rai. A 2002 masana a Ingila suka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadon Streptomyces coelicolor, bakteriyar da aka shekara 40 ana nazari, aka kuma san ta da sinadarai 'yan ƙalilan. Sai ga shi tana ɗauke da umarnin haɗa fiye da 20. Sauran a kulle suke, domin a farantin gilashi, inda abinci ya wadata kuma babu abokin gaba, ba ta da dalilin buɗe su. Na biyu kuwa, kusan kashi 99 cikin 100 na bakteriyar ƙasa ba sa yarda su tsiro a ɗakin gwaje-gwaje sam. Kim Lewis da Slava Epstein na Jami'ar Northeastern suka ƙera wani ɗan allo mai ƙananan ramuka, a saka ƙwaya ɗaya a kowane rami, a rufe da tata mai barin ruwa ya ratsa, a mayar da allon cikin ƙasar da aka ɗebo ta. Ta haka a 2015 suka ba da sanarwar sabon sinadari, teksobaktin, daga wata bakteriyar da ba a taɓa rainon ta ba. A 2025 kuma rukunin Wright ya sami wani, lariyosidin, daga ƙasar bayan gida a birnin Hamilton, bayan sun bar ta shekara guda don masu jinkirin girma su fito. Dukansu biyu ba su kai ga asibiti ba tukuna, kuma tsakanin faranti da kantin magani akwai tafiyar shekaru da kuɗi masu yawa.

Malamin da makarantarsa ke da farantan gilashi da garin aga zai iya nuna wa ɗalibansa farkon wannan aiki. A ɗebo ƙasa daga ƙarƙashin bishiya ko gefen juji, a shanya ta kwana biyar zuwa bakwai, domin bushewa na rage sauran bakteriya ta bar irin Streptomyces. A dama giram ɗaya cikin tafasasshen ruwan da ya huce, a tsarma sau dubu ko fiye, a shafa ɗigo kaɗan a kan abinci marar ƙarfi, mai ɗan sitaci, sannan a naɗe bakin farantin da salatif a ajiye a inuwa. Bayan mako guda za a ga wasu ɗigo-ɗigo busassu masu kama da garin alli, farare ko masu ruwan toka, wasu sun rina abincin da launin ƙasa-ƙasa ko ɗorawa. A ɗaga farantin saitin haske a duba ko akwai wanda ya share fili a kewayensa. Kada a bari ɗalibai su buɗe farantin, domin ba a san abin da ya tsiro tare da su ba, kuma in an gama a dafa shi a tukunya mai matsa tururi, ko a jiƙa shi cikin bilic kwana guda, kafin a zubar.